Inna Ba Za Ta Danna Maɓallin Ba

Fadaman Mada,
Bauchi.

Ta-Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya, kin kuma gama jera kayanki a ɗakin da suka ba ki. Allah ya sa kin shiga aikin nan a sa'a, ya tsare ki, ya tsare waɗanda aka damƙa a hannunki. Mu nan lafiya, sai dai ciwon bayan nan nawa da kika sani.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga Fadaman Mada zuwa Gwallameji, tafiyar da mai keke zai yi kafin shayi ya huce. To, ke 'yar fari ce. Kin san ba zan iya zaunar da ke in yi ta zuba kamar rediyo ba. Sunanki ma ban taɓa kamawa ba, balle doguwar magana. Haka Inna ta yi da ni, don ni ma 'yar farinta ce, haka kuma na tashi na yi da ke. Ban ce daidai ne ba, ban ce kuskure ne ba, haka muka tarar a gidanmu tun muna ruga. Shi ya sa na nemi biro.

Ranar Asabar za a kawo Inna gidan tsofaffin da kika fara aiki. Likita ya ce aikin da za a yi wa bayana ba zai ƙara jira ba, kuma bayan an yi, ko bokitin ruwa an hana ni ɗagawa, balle mutum. Matan unguwa sun fara cewa na kai uwata gidan marasa gata. Na ji. A cikinsu babu wadda ta taɓa shigowa ta kama mini ita zuwa banɗaki. Abin da ke gabana guda ne, in tashi daga gadon asibiti in tarar da Inna da ranta da mutuncinta, kamar yadda ta fita daga gidan nan.

Gidan naku ba shi da laifi, na gani da idona ranar da muka je. Shugabarku Madam Saratu ta zagaya da ni ko'ina. Na yaba da ita, mace ce mai tsabta, ba ta da yawan surutu, kuma da ganin yadda take kama hannun tsoho kin san ta daɗe a aikin jinya. Ta nuna mini gadaje masu ƙarfe a gefe, da tukunyar kashe gobara a jikin bango, da kabad ɗin magani mai kwaɗo. Da muka shiga ɗakin da za a sa Inna, ta nuna mini wani jan maɓalli kusa da matashi.

Ta ce, "Mama, ka ga wannan? In Kaka ya danna, fitila zai kama a ɗakin nas, nan da nan mutum zai zo."

Na ce, "In ba ta danna ba fa?"

Ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, ai mai ciwo dole zai danna."

Ba gardama ta kai ni ba. Amma ke ki sani, Inna ba za ta danna maɓallin nan ba. Ƙa'idojin gidanku duka an tsara su ne don tsohon da zai buɗe baki ya ce ga abin da ke damunsa. Ita kuwa tun tana yarinya aka koya mata cewa faɗin yunwa da ƙishi da ciwo abin kunya ne. Na yi shekaru ina jinyarta kafin in fahimci yadda ake bi da wannan, kuma ban fahimta ba sai da na yi kurakurai. Zan jera miki su, don kada ki ɓata lokaci wajen maimaita su.

Shekarar da ɗinki ya yi mini kasuwa a shagona na Wunti, na sa aka shimfiɗa tayal a banɗakin Inna, fari tas mai sheƙi. A ganina gata na yi mata. Ba a daɗe ba, wata Lahadi da hantsi, ta shiga alwala, ruwan buta ya zuba, santsi ya kwashe ta. Ina ɗaki ina taka keken ɗinki, ni kaɗai ce a gidan, ke kina makarantar kwana. Ba ta kira ni ba, don ba ta kama sunana. Ta yi gyaran murya, ta buga buta a bango, ƙarar keke ta hana ni ji. Sai da aka kira azahar na ga ba ta fito ba, na je na tura ƙofa, ashe ta sa sakata ta ciki. Maƙwabcinmu kafinta aka kira ya cire ƙofar. Muka same ta zaune a ƙasa cikin ruwa, ta ja zaninta ta rufe ƙafafunta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Lokacin salla ya yi ko?"

Tayal ɗin gidanku irin wancan ne, na taka shi na ji. Ki ce a sa tabarmar roba a inda ake alwala, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ajiye kujera mai nauyi wadda ba ta zamewa. A cire sakatar ciki. In sun ce za a yi daga baya, ki ce kin ji, amma kada Inna ta shiga ita kaɗai sai an yi. Bayan faɗuwar nan na sayo mata ƙararrawa na ajiye a gefen gado. Ta ɗaga ta ta duba ta ce, "Wannan ai a wuyan saniya ake rataya shi." Har yau tana nan cikin kwano, ko sau ɗaya ba ta kaɗa ta ba. Don haka kada ki jira fitila ta kama. Ki riƙa leƙa ta ba tare da an kira ki ba, ki kuma roƙi abokan aikinki su yi haka.

Akwai wata a cikin ma'aikatanku mai sunana, na ji ana kiran ta ranar da muka je. Ko ruwa ne ya shaƙe Inna, ba za ta kama sunan yarinyar nan ba. Ki ba yarinyar wani laƙabi tun ranar farko, ki faɗa a gaban Inna har ya zauna mata a baki. Sannan kada a turo namiji ya ɗaga ta, ko da shi ne kaɗai mai ƙarfi a wurin. Za ta ce ba ta buƙatar komai, ta kwana da buƙatar.

Kuskuren da ya biyo baya, tsoro ne ya jawo shi. Tun da ta faɗi na hana ta tafiya. Komai a gado, abinci a gado, alwala a gado. Da can kullum da safe takan dogara sanda ta je bakin turke ta duba akuyarta, ta yi mata faɗa, ta dawo. Na hana, na ce kada ta sake faɗuwa. Ba ta sake faɗuwa ba kam, amma kafin damina ta fita ƙafafun sun saki. Likitan ƙashi ya dube ni ya ce, "Hajiya, faɗuwar ba ta karya ta ba, kwanciyar ce ta cinye ƙafar." Ɗan takun da take yi yanzu, da ƙyar muka dawo da shi. Na san a gida irin naku ana tsoron faɗuwar tsoho, don in ya faɗi ma'aikaci ake tuhuma, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a zaunar da kowa a keken guragu. Ki bar ta ta taka, ke ki tsaya a ɓangarenta na hagu, wanda ya fi rauni. In ta ture hannunki, ki janye hannun amma kada ki matsa.

A cikin kwanciyar nan ne kuma na yi wanda ya fi muni. Kullum da safe nakan tsaya a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa da Fulatanci ta ce, "Jam," wato lafiya. Ni kuma in ɗauki wannan a matsayin labarin jikinta in wuce kicin. Wanka ma daga wuya zuwa hannu da ƙafa nake yi mata, sauran ta ce ita za ta ƙarasa, in ba ta baya. Kunya ta hana ni duba jikin uwata, kunya ta hana ta nuna mini. Wari ne ya tona. Da nas ta zo ta juya ta, muka ga gyambo a ƙugunta, faɗinsa ya kai murfin kofi. Ta daɗe tana kwance a kansa tana ce mini jam. Ban yi kuka a gabanta ba, amma ranar na ji haushin kaina ƙwarai.

Ke kin yi makarantar jinya, kin fi ni sanin yadda ake juya mai kwanciya da inda ake dubawa. Abin da zan ƙara miki shi ne, gaisuwa daban, duba jiki daban. Amsar gaisuwa ba ta shiga cikin bayanin lafiyar mutum. Kuma kina da abin da ni ba ni da shi, ke jika ce. Tsakaninki da ita wasa ne, kina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, tana ce miki uwar son jiki. Da wannan wasan za ki ɗaga zanin ki duba ƙugu da dugadugai da bayan kafaɗa. In ta zage ki, ki rama, ki ci gaba da dubawa. Tabon tsohon gyambon yana nan a dama, fatar wurin ba ta da ƙwari.

Sai maganar ruwa. Akwai lokacin da Inna ta fara sambatu, tana kiran shanun da suka mutu tun ban yi aure ba, tana tambayar ko an kai su mashaya. Dangi suka ce rikicin tsufa ne, wasu suka ce iska ce, har aka kawo rubutu. Ni ma na yarda. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibiti, aka ce ruwan jikinta ne ya ƙare, ga kuma ciwon mafitsara. Ashe ta daina shan ruwa ne don kada fitsari ya matsa mata ta sa ni ɗawainiyar kai ta banɗaki, tana ganin yadda nake dafe baya. Kofin da nake ajiye mata, a tukunyar fulawar taga take juyewa. Ni kuwa ina ta yabon fulawa ta yi kyau. Ki ba ta ruwa a hannu, ki tsaya har ta shanye. Ki kai ta banɗaki a kan lokaci ba tare da tambayar ko tana so ba, ki ce dama ke ma hanyarki ce. In kin ga ta fara magana ba kan gado, ki fara tunanin ruwa da zazzaɓi kafin ki yarda da masu cewa tsufa ne.

Madam Saratu ta nuna mini zauren cin abincinku, tebur dogo, maza da mata tare, ta ce hakan na rage musu kaɗaici. Gaskiya ne, ga wasu. Inna ba ta taɓa tauna abu a gaban baƙon namiji ba. Za ta zauna a teburin, ta yi godiya, ta tura wa na kusa da ita, a ɗauke faranti babu komai a ciki, a ce ta cinye. Ni ma ta yi mini haka da 'ya'yan maƙwabta, ina murna tana cin abinci, ita kuwa tana ramewa. A kai mata nata ɗaki, a ja labule. In kina son sanin gaskiyar cin abincinta, ki dubi awarwaron azurfar da ke hannunta. In yana tsayawa a wuyan hannu, lafiya. In ya fara hawa zuwa gwiwar hannu, ba ta ci. Kindirmo da fura ba ta mayar da su, sai dai a rage suga.

Wannan ya kawo ni kan magani. Tana da ciwon suga, kin sani, tana kuma azumin Litinin da Alhamis, wannan ƙila ba ki sani ba, don ba ta faɗa wa kowa. Ta ce azumin da aka yi shelarsa ladansa ya ragu. Na daɗe ina miƙa mata ƙwayar safe in juya in tafi, ita kuma ta ƙulle ta a bakin zani. In an sha ruwa sai ta haɗa ta safe da ta yamma ta haɗiye, wai kada a yi asara. Wata Alhamis bayan magariba gumi ya karyo mata, jikinta ya hau rawa, idonta ya juye. Allah ya sa akwai zuma a gidan. Ban hana ta azumi ba, kuma ke ma kada ki fara, za ta yi a ɓoye ne kawai. Likita na samu ya canza mata tsarin maganin waɗannan ranakun. Ki gaya wa likitan gidanku tun da wuri, kuma duk wanda zai ba ta ƙwaya ya tsaya ya ga ta haɗiye. Kabad mai kwaɗo ba ya hana abin da ke ƙulle a bakin zani.

Dangi za su zo dubiya daga ƙauye da jiƙe-jiƙe a gora. Na taɓa kwashe su na zubar a gabanta, tun daga ranar ta koma ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, na rasa sanin me take sha. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce za ki ajiye mata, sannan ki nuna wa likita. Wanda ya ce babu laifi ki ba ta da kanki. Kaskon turaren wuta kuma ba za ta rabu da shi ba. Ki kunna mata da kanki, ki tsaya, ki fita da shi. Zaninta ya taɓa kamawa a gabana.

Yanzu saura ke. Kada ki ɗauka kunyar nan a jikin Inna kaɗai take, tana jikinki, na gani tun kina ƙarama. In babba yana magana kanki a ƙasa yake. A gida tarbiyya ce, a wurin aikinki tana iya kashe mutum. Lokacin da aka kwantar da Inna a asibiti, na ga hannun da aka sa mata ƙarin ruwa yana kumbura. Nas ɗin ta girme ni, ga ta da tsare gida, sai na ce a raina ai ta fi ni sani. Na zauna ina kallon hannu yana hawa kamar burodi har aka canza ma'aikata. Wadda ta karɓa ta ce, "Mama, tun yaushe? Me ya hana ki magana?"

Ke ce ƙarama a gidan nan, kuma sabuwa. Duk da haka, in kin ga an goge ƙasa an bar ta a jiƙe, ki faɗa. In kin ga maganin da kwanansa ya ƙare, ki faɗa. Ranar da muka je Juma'a ce, na lura maigadi ya kulle get ya tafi masallaci da makulli a aljihu, ga tagogi duk da ƙarfe, ga kicin da tukunyar gas. Na tambayi kaina ta ina za a fitar da mutum ashirin masu dogara sanda in wuta ta tashi. Ban faɗa ba, kin ga halin bai sake ni ba har yanzu. Ke ki faɗa wa Madam Saratu, cikin ladabi, ku biyu. Ban ga alamar mai ƙin gyara a tare da ita ba. In ke kika yi kuskure, ki riga kowa faɗa, kafin jikin tsoho ya faɗa a madadinki.

Kuma kada ki sa Inna a gaba ki manta sauran. Na ga wani dattijo a keken guragu a barandarku, da Littafi Mai Tsarki a cinyarsa, inuwa ta matsa ta bar shi cikin rana. Na gaishe shi ya ce lafiya lau, gumi na zuba a wuyansa. Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Kowane tsoho a gidan nan yana da abin da ba zai faɗa ba, kuma akwai wani nasa a waje da ya san mene ne. In danginsu sun zo, ki tambaye su. Abin da suka gaya miki ki sanar da abokan aikinki, don ba kullum kike bakin aiki ba.

Abu na ƙarshe ba ya cikin abin da aka koya miki a makaranta. Inna ba za ta tambaye ni ba. Za a yi mako, a yi wata, ba za ki ji ta ce ina wance ba. Kada ki ɗauka fushi take yi don na kawo ta, kada kuma ki ɗauka ta manta. In abin ya dame ta, za ki ji ta ce, "An daɗe ba a ci ɗanwake ba." Madam Saratu ta gaya mini cewa ƙa'idarku ce duk abincin da tsoho ya yi sha'awa a dafa masa, kuma na san da gudu za ku ɗora tukunya. Inna ba ta cin ɗanwake, ko ƙamshinsa ba ta so. Ni ce mai ci. Tun ina amarya, in ta yi kewata, haka take aikowa a faɗa mini, in shirya in je.

In kin ji ta faɗa, kada ki sa a dafa. Ki kira ni. In ina da ƙafar zuwa zan zo. In kuma ina kwance a asibiti, ki ajiye wayar a kan matashinta ki fita ki ja ƙofa. Ba lallai ki ji muna cewa komai ba, amma kada ki kashe.

Allah ya tsare ki daga kuskuren hannu da na ido. Allah ya kiyaye tsofaffin gidan nan daga faɗuwa da gobara da wulaƙanci, ya ba masu kula da su haƙuri da lada. Allah ya ba ki masu yi miki in naki tsufan ya zo. Ki gaishe da Madam Saratu. Na bar ku ke da kakarki a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam,
Mahaifiyarki.